Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Abin Da Sunan Gari Ya Ke Faɗi A Kan Ƙasarsa

Wannan darasi na karantawa ne a taron ƙungiya. Mai karatu kada ya yi gaggawa. Ya riƙa tsayawa domin dattawa su sa baki, gama sun fi mu sanin maganar.

'Yan'uwa manoma, sa'ad da ƙungiya ta ke neman filin gonar gama kai, ko wurin haƙa rijiya, ko inda za a kafa lambu, a kan tambayi malamin gona, a tambayi mai unguwa, wani lokaci har a ɗebi ƙasa a kai Samaru a auna. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani mashaidi wanda ba a cika tambayarsa ba, alhali kuwa ko kwabo ba ya karɓa. Shi ne sunan wurin. Kakanninmu ba su rubuta halin ƙasa a takarda ba, sai su ka zuba shi cikin suna, domin kowane yaro ya haddace. Ƙungiyar da ta ci bashi ta zuba a wurin da bai dace ba, sau da yawa sunan wurin ya riga ya gargaɗe ta.

Bari mu ɗauki misali daga kewayen Samaru da Sabon Garin Zariya. Ku kuma sai ku gwada da sunayen wajenku.

Mu fara da sunayen da su ke nuna kwanciyar ƙasa. A Samaru akwai Hayin Dogo. Hayi shi ne ƙetaren rafi ko kwari. Duk inda ka ji Hayi, to akwai ruwan da a ke hayewa, ko da ka tarar da shi a bushe da rani. Kafin ku karɓi gona a wani hayi, ku tambayi kanku: ta ina amalanke za ta bi da taki a watan Agusta? Ta ina za a fito da amfani? A ƙasar Giwa akwai gari mai suna Gangara, akwai kuma Tsibiri. Sunan da ya ambaci gangare yana maganar gudun ruwa ne. A irin wannan ƙasa, wanda ya ja kunya ta bi gangaren ya gina wa ruwa hanyar kwashe masa taki. Sai a gicciye kunya, a dasa jema ko gamba a bakin gona. Tudu, Fadama, Kwari, Jigawa, Fako, kowanne darasi ne a kan abin da za a shuka. Mai kai rake tudu, ko gyaɗa cikin kwari mai kwantar da ruwa, ba sai an jira kaka ba kafin a san sakamakonsa.

Sunayen duwatsu kuma, irin su Kufena da Dutsen Abba, galibi tsofaffin mazauna ne. Mutanen dā sun so gindin dutse saboda tsaro, da kuma ruwan da ke gangarowa daga kansa ya taru a ƙasa. Labarin da a ka gada ya ce sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena, dukansu wuraren duwatsu, kafin ta tabbata a birnin Zariya.

Yanzu mu zo ga itatuwa, nan ne maganar ta fi nauyi. A cikin birnin Zariya akwai unguwannin Rimin Doko da Rimin Tsiwa, gama an san birnin da manyan rimaye tun dā. A ƙasar Zazzau kuma Doka suna ne da za ka yi ta cin karo da shi. Baƙo zai zaci dokar hukuma a ke nufi, ko dokar kitso. Wanda ya san dajin wannan ƙasa kuwa ya san itacen doka ne ya fi kowane itace yawa a cikinsa. Doka tana son tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, ta kan jure wa ƙasa mai tsakuwa da marmara. Saboda haka tsohon dajin doka ba ya ɗaukar noma shekara da shekaru ba hutu ba taki. Giginya kuwa ta kan nuna ruwa bai yi nisa ba, mai neman wurin rijiya ya lura. Ɗorawa da kaɗanya da kuka, inda su ka yi yawa har a ka sa wa wuri sunansu, alama ce an daɗe ana noma a nan, gama su ne itatuwan da manomi ya ke bari sa'ad da ya ke sassabe.

To, ga tambaya. A ƙauyenku mai sunan itace, itatuwan nawa su ka rage? Akwai yaran da su ka girma a gari mai suna Doka ba su taɓa hutawa a inuwar doka ba. Akwai Fadama wadda yau sai an yi haƙa mai zurfi kafin a ga danshi. In suna da ƙasa su ka rabu haka, sunan ya zama ma'auni, yana gaya mana abin da ya salwanta tsakanin zamanin kakanninmu da namu. A ganina wannan shi ne babban amfanin darasin nan. Ƙungiyar da za ta yi dashen itatuwa ba sai ta yi dogon tunani a kan irin da zai karɓi ƙasarta ba. Ta fara da wanda ke cikin sunan garin. Doka ma tana da wani hali mai kyau: ta kan toho daga kututture da saiwa. In an hana wuta da gatari da awaki 'yan shekaru, ta kan komo da kanta.

Waɗansu sunaye kuma tarihin mutane su ke ɗauke da shi. Kusa da Samaru akwai Zangon Shanu. Zango masaukin fatake ne da masu dabbobi. Inda shanu su ka daɗe suna kwana, ƙasa ta kan yi ƙarfi. Amma inda akwai zango akwai burtali, akwai mashaya. Ƙungiyar da ta nome tsohon burtali domin ta ga fili ba kowa, ta sayi rigima da kuɗinta. Ku tambaya tukuna, ku zauna da ardo da mai unguwa. Haka nan Ruga, da Tunga, da Rinji, watau ƙauyen da bayi su ke yi wa iyayengijinsu noma a zamanin dā. Irin wannan fili sau da yawa yana da masu da'awa fiye da ɗaya. Suna mai ƙarewa da "awa", kamar Galadimawa, ya kan nuna mutanen wane ne su ka fara zama.

In kun ji Kufai ko Tsohon Gari, ƙasar na iya yin kyau saboda toka da juji na shekaru. Amma ku bincika abin da ya tashi mutane. Wani wuri yaƙi ne, wani rashin ruwa, wani ciwo. A ƙasar Ancau, gabas da Zariya, ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya yi ɓarna ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1930 hukuma ta sa a ka sare kurmin bakin rafuka, a ka tashi mutane zuwa sababbin ƙauyuka masu rijiyoyi, a ka gina sabon gari a ka sa masa suna Takalafiya. Wannan suna shi kaɗai ya isa ya gaya maka abin da mutane su ka gudo wa.

Sai dai a yi hattara, ba kowane suna ne ke maganar ƙasa ba. Takalafiya fata ne. Tudun Wada ma haka: tudun gaskiya ne, wadar kuwa addu'a ce. Shi Sabon Garin Zariya bai ce kome a kan noma ba. Hanyar jirgin ƙasa ce ta haife shi. Sa'ad da ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa su ka zo daga Kudu, Turawa su ka ware musu mazauni a wajen ganuwa, kusa da tasha. Tudun Wada kuwa a ka ware shi domin baƙi 'yan Arewa, kogin Kubanni yana tsakaninsu. Yau Sabon Gari ya haura shekara 100, ya zama ƙaramar hukuma wadda Samaru ke cikinta, amma har yanzu sabo a ke ce masa. Wani yanki nasa ma sunan kamfanin PZ ya ke amsawa.

Samaru kuwa sunanta ya yi tafiyar da ba wanda ya zata. A 1922 a ka kafa tashar binciken aikin gona a can, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello sa'ad da a ka buɗe ta a 1962. Ku duba buhun irin da ku ka saya. Masarar SAMMAZ, dawar SAMSORG, waken SAMPEA, gyaɗar SAMNUT, audugar SAMCOT, wannan SAM ɗin Samaru ce. Kazar ƙwai Shika Brown kuma daga Shika ta samo suna, inda cibiyar binciken dabbobi ta ke. Ashe masana ma ba su bar al'adar kakanni ba.

Kada wani ya ce wannan duk tatsuniyar tsofaffi ce. A 1966 da 1967 wani masani a Samaru, David Norman, ya bi aikin manoman ƙauyuka uku, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A lokacin ana koya wa manomi ya shuka iri ɗaya tak a gona. Binciken ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake, yadda manoma su ka gada, ya kan fi riba a eka, ya kuma fi tsare gida daga yunwa in damina ta yi gardama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Hanwa ɗin nan kuwa, wadda a ka auna gonakinta a lokacin, yau gari ya haɗiye ta, gidaje sun tsaya inda dawa ta ke tsayawa.

Wannan ya kawo mu ga maganar takarda. Bisa ga dokar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar riƙon fili a karkara. In za ku nemi ta gonar ƙungiya, ku tabbata an rubuta sunan wurin yadda mutanen wurin su ke faɗinsa, da sunan rafi ko dutse ko itacen da ke kan iyaka. 'Yan'uwanmu da harshensu ba Hausa ba ne su lura ƙwarai: garuruwa da yawa suna da suna biyu, na Hausa wanda ya shiga taswira, da na asali wanda ya fi tsufa. Sau da yawa na asalin ne ke ɗauke da labarin ƙasar. A rubuta duka biyu.

Kafin taro mai zuwa, a zaɓi mutum uku, a ciki har da mace, gama mata sun fi sanin sunayen rafuka da wuraren itace da ɗorawa. Su ziyarci tsofaffi biyu ko uku, kowanne shi kaɗai, domin kada wani ya bi bakin wani. Su rubuta sunan kowace unguwa da fadama da daji a kewayenku, da dalilin sunan, da abin da ido ya ke gani a wurin yau. Inda tsofaffi su ka saɓa, a rubuta maganar kowa. Magatakarda ya ajiye takardar tare da littafin kuɗi, a fito da ita ran da malamin gona zai zo.