Ɗan Samaru da Kofin Ƙwallon Kwando

Samaru gari ne a ƙasar Zazzau, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a shekarar 1962. Ban da ilmi, an san jami'ar da wani wasa da ake kira ƙwallon kwando.

Ga yadda ake yinsa. Kowane ɓangare mutum biyar ne. A kowane ƙarshen fili akwai zoben ƙarfe mai raga, an ɗaga shi sama ƙafa 10. Da hannu ake wasan, amma ba a gudu riƙe da ƙwallo, sai dai a riƙa buga ta da ƙasa. Wanda ya jefa ta cikin zobe ya sami maki 2, in daga nesa ne maki 3.

Wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya yi shekaru da yawa yana koya wa samari wannan wasa a filin jami'a. Cikin yaransa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, aka kawo shi Zariya yana ƙarami. Da ya girma ya tafi Amurka karatu, sa'an nan ya yi wasa a Turai. Bai yi suna a fili ba, amma Allah ya ba shi idon gane ɗan wasa nagari. A 2013 aka danƙa masa ragamar ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada.

Toronto tana cikin babbar gasar Amurka ta NBA, mai ƙungiyoyi 30, amma a lokacin ba ta taɓa cin kofi ba. A 2018 sai Masai ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Ya sallami mai horarwa, ya kuma ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da jama'ar gari suka fi ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard. Shi kuwa Kawhi wasa 9 kaɗai ya buga a kakar da ta wuce, saboda ciwon ƙafa. Mutane suka yi ta surutu. Lalle kasada ce babba, don in abin ya ɓaci, shi za a zarga.

A 2019 Toronto ta kai karawar ƙarshe. Abokiyar karawarta ita ce Golden State Warriors, wadda ta ci kofin a 2015 da 2017 da 2018. Ƙa'idar ita ce, wadda ta riga cin wasa huɗu ita ke da kofi. Ranar 13 ga Yuni, a wasa na shida, Toronto ta ci da maki 114, Warriors na da 110. A daren nan Pascal Siakam, mutumin Kamaru, ya ci maki 26.

To, amma akwai sauran magana. Gwanin Warriors, Kevin Durant, wasa ɗaya tak ya shiga, shi ma bai gama ba jijiyar ƙafarsa ta tsinke. Klay Thompson kuma ya ji ciwo a gwiwa a wasa na shida. Saboda haka masu son wasan sukan yi gardama. Waɗansu su ce da Durant na da lafiya, da Toronto ba ta ko sansana kofin ba. Waɗansu su ce ai ita ma Toronto ta rasa OG Anunoby, wanda aka yi wa aiki a ciki. Wannan karawa ta masu lafiya duka ba a yi ta a fili ba, sai dai a baki.

Tambayoyi
1. Mutum nawa ke kowane ɓangare a ƙwallon kwando?
2. Wace kasada Masai ya yi a 2018?
3. Me ya sa ake gardama a kan kofin 2019?