Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar Da Ke Barci Tsakiyar Aiki

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: me ya sa kwamfutarsa ke barci tana katse masa sauke babban fayil?

Malam, yawanci Windows tana lura ne da taɓa madannai da linzami. In ka daɗe ba ka taɓa su ba, sai ta ɗauka ka tashi, ta dakatar da aiki. Shiga saitin wuta, ka hana ta barci muddin tana jone da caja, kuma rufe murfi kada ya kwantar da ita. Za ka ce ai za ta sha wuta, ta yi zafi. To, bar allon ya mutu bayan minti 5, aiki na tafiya. Kada dai ka cusa ta cikin jaka. In ta tebur ce, haɗa mata UPS saboda ɗaukewar wuta.