Wane Ƙarfe Ya Dace Da Kan Wayar Eriya?

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan ɗan rubutu zan yi bayani ne a kan ɗan ƙarfen nan da ake murɗawa a bakin wayar eriya ko ta dish, wanda masu gyara ke kira kanekta. Ita wayar, wato koksiyal, Oliver Heaviside ne ya yi rajistar fasaharta a Ingila a 1880. Komai kyanta kuwa, in kanta ya lalace hoto ya tafi.

Sassan Kan Waya

Na kasa shi gida uku: gangar jiki, allurar tsakiya, da robar da ke raba su.

Gangar jiki galibi da tagulla ake yin ta, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, domin tana da sauƙin sarrafawa. Ita allura aikinta ɗaukar saƙo, shi ya sa ramin da take shiga ake yin sa da jan ƙarfe mai haɗin beriliyam, wanda ke komawa yadda yake bayan an tanƙwara shi. A kan wayar talabijin samfurin F kuwa, silin jan ƙarfen wayar shi ne allurar. Robar da ta fi inganci ita ce Teflon, wadda Roy Plunkett ya gano a 1938. Tana jure zafi har digiri 260, don haka dalmar liƙi ba ta narka ta.

Ruwan Da Ake Shafawa

Nan ne gizo ke saƙa. Saƙon rediyo da na talabijin ta fatar ƙarfe yake bi, ba ya kutsawa ciki. Ke nan ruwan da aka shafa a sama shi ne hanyarsa. Azurfa ta fi kowane ƙarfe gudanar da lantarki, amma tana dusashewa. Zinariya ba ta tsatsa, sai dai tsada. Nikel yana da araha da juriya, ya wadatar a gida, amma maganaɗisu na kama shi, abin da ke jawo hayaniya a turakun wayar salula.

Sai kuma muhalli. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar alminiyom da jan ƙarfe, danshi ya shiga tsakani, ɗaya zai riƙa cinye ɗaya. Iskar Legas ko Fatakwal mai gishiri tana gaggauta wannan ɓarna.

Kammalawa

Shawarata ga mai saye ita ce ya fara duba inda zai ɗaura. In a waje ne, ya nemi na tagulla mai zoben roba, ya naɗe shi da tef mai hana ruwa. Araha dai ba ta ado.