Tsohon keken yara a Dumega: inda ake samunsa da abin da ake dubawa kafin a biya

A Dumega da ƙauyukan Arewa da ke jere a kwarin Dallol Mawri na Nijar, iyaye da dama sun fi natsuwa da tsohon keken yara na baƙin ƙarfe a kan sabon da ake kawowa da fenti mai walƙiya, domin sun sha ganin sabon ya karye a wuya kafin damina biyu, alhali tsohon da aka gada yana nan yana kai yaro makaranta. Dalilin nasu yana da ƙarfi, amma tsufa kaɗai ba ya tabbatar da inganci, kuma yawancin asarar da mai saye ke yi tana zuwa ne daga keken da gangar jikinsa lafiya lau take amma babu tayar da za ta shige shi a kasuwannin yankin.

Kekunan da ake kira na da sun fito ne daga zuriya uku. Akwai na Ingila, wanda Raleigh na birnin Nottingham ya fi shahara a cikinsu, har Hausawa suka mayar da sunan Rali, kuma kamfanin ya taɓa harhaɗa kekuna a Kano. Akwai na Faransa irin su Peugeot da Motobécane, waɗanda suka saba da Nijar saboda alaƙar mulkin mallaka da kayan gwanjo na Turai. Sai na Asiya, wato Phoenix da Flying Pigeon na ƙasar Sin da Hero na Indiya, waɗanda suka kwaikwayi ƙirar Ingila suka kuma fi ta araha. Ta fuskar salo, keken yara mai dogon sirdi da kai mai tsayi ya soma ne da Schwinn Sting-Ray a Amurka a 1963, Raleigh Chopper ya biyo baya wajen 1970, sannan BMX, gajeren keke mai kaurin taya da aka ƙera don tsalle a kan turɓaya, ya mamaye shekarun 1980. Na ƙarshen nan ne ya fi dacewa da rairayin Arewa.

Babu kantin da ya keɓanta da irin waɗannan kekuna a Dumega, saboda haka nema yana farawa ne daga rumfar mai gyaran keke, domin shi ya san gidan da yaro ya girma aka jingine kekensa a bayan rumbu. Bayansa sai ƴan gwanjo na Dogon Dutsi da Dosso da Gaya, da kuma kasuwannin jihar Kebbi a tsallaken iyaka, kamar Kamba da Birnin Kebbi. Kayan gwanjo na Turai sun saba shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano su ratsa Gaya, kuma rufe iyakar Nijar da Benin da aka yi a Yulin 2023 ya dagula wannan hanya, abin da ya ƙara wa keken da ke ajiye a cikin gari daraja. Wanda ya ga hoton keke a WhatsApp ko Facebook bai kamata ya tura ko dala ɗaya ba sai wani amintacce ya taɓa keken da hannunsa.

Batun taya shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Ana auna keken yara da faɗin ƙafarsa a inci: 12 ga ɗan shekara uku zuwa huɗu, 16 ga ɗan biyar zuwa shida, 20 ga ɗan bakwai zuwa tara, 24 ga wanda ya haura haka, ko da yake tsawon yaro ya fi shekarunsa hukunci. Matsalar ita ce lambar inci ɗaya tana ɓoye ma'auni daban-daban. Abin da ake kira inci 20 yana iya zama milimita 406, wanda shi ne na BMX kuma shi ya cika kasuwa, ko 451 na tsohuwar ƙirar Ingila, ko 440 na Faransa wanda ake rubutawa 500A. Haka inci 16 yana iya zama 305 ko 349 ko 340. Tayar ɗaya daga cikin waɗannan ba ta hawa kan bakin ƙafar wani, komai ƙarfin mai faci. Ainihin ma'aunin yana rubuce a gefen tsohuwar taya da lambobi biyu, misali 47-406, inda ta farko take nuna kaurin taya, ta biyu kuma faɗin da'irar ƙarfen da take zama a kai. Mai saye ya goge ƙurar da yatsa, ya karanta lambar, ya tambayi masu sayar da taya kafin ya taya keken. A ƙasar da tsidau da ƙayar aduwa ke kwance a kowace hanyar gona, keken da ba a samun tayarsa ba zai daɗe yana aiki ba.

Bayan taya sai gangar jiki. A juya keken kife a dubi ƙarƙashin mahaɗar feda, inda ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki. Tsatsar da ke gogewa da tsumma mai mai ba ta da illa, amma wadda ƙusa ke nutsewa a cikinta ta gama da keken. A shafa bututun da ke bayan wuyan keke da tafin hannu, domin ƙullutu ko fentin da ya tsattsage a wurin alama ce ta cewa an taɓa yin karo da shi, sannan a tsaya ta gaba a ga ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya. Sabon fenti mai kauri abin tuhuma ne, tun da sau da yawa walda yake rufewa, kuma tambarin Rali da aka manna da takarda ba ya tabbatar da komai, domin na asali farantin ƙarfe ne mai hoton kan tsuntsu da aka kafe a wuyan keken. Ƙwallayen cikin ƙafa da giris da sarƙa duk ana sauya su da kuɗi kaɗan. Abin da ke wahalarwa shi ne zaren kusoshi, domin tsofaffin kekunan Faransa suna da nasu ma'auni, kuma fedar kasuwa da aka ɗaura da ƙarfin tsiya tana cinye zaren har abada.

Lafiyar yaro tana gaba da sha'awar uba. Birkin hannu na kekunan da an yi shi da tauri, kuma ba ya kama ƙarfe mai santsi sosai idan ya jiƙe, saboda haka ƙaramin yaro ya fi samun tsaro da birkin feda, wanda ke kamawa idan an taka ta baya. Kekuna irin Chopper suna da sandar sauya giya a tsakanin cinyoyin mahayi, wadda ke raunata yaro idan ya zame gaba, kuma nauyinsu yana rinjaya baya har ƙafar gaba takan ɗaga. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, ƙarfe mai guba ga ƙwaƙwalwar yara, wanda Amurka ta hana a fentin gidaje da kayan wasan yara a 1978, don haka ba a kankare shi a tsakar gida inda ƴan rarrafe ke wasa. Ɗabi'ar saya wa yaro babban keke da cewa zai girma a kansa ita ma tana jawo faɗuwa, domin keken da ya dace shi ne wanda yaro zai tsaya a tsakiyarsa tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa.

Wajen ciniki, a haɗa kuɗin keke da na taya biyu da roban birki da ladan mai gyara da la'adar dillali idan akwai shi, a kwatanta jimlar da farashin sabo, a kuma nemi shaida a kan wanda ya sayar, saboda keken sata yana yawo a kasuwannin iyaka. Ga yaron da zai bi rairayi zuwa makaranta a Dumega, tsohon keken ƙarfe marar giya mai tayar 406 ko 305 ya fi duk wani mai suna da tayarsa ta ɓace daga kasuwa, kuma ya kamata uba ya tafi kasuwa da yaron da mai gyara tare.