Kariyar shinkafa tana farawa daga iri

Manomin shinkafa a Kura ko a fadamun Kebbi ya san tabon nan mai siffar ido, tsakiyarsa ruwan toka, da ke fitowa a ganye idan raɓa ta yi yawa. Naman gwari ne mai suna Magnaporthe oryzae, kuma ɓarnarsa ta fi muni idan ya kama wuyan zangarniya: sai ta yi fari, ta tsaya ƙyam babu ƙwaya. A lokacin, feshi ya makara. Shi ya sa mu masu aiki kan cututtukan shuka muke ƙara mayar da hankali ga bakteriyar da ke zaune cikin saiwa da kara da ganyen shinkafa ba tare da sun cutar da ita ba.

Irin su Bacillus subtilis suna fitar da sinadaran da ke huda fatar naman gwarin, Pseudomonas fluorescens kuma tana riga shi kwashe sinadarin ƙarfen da yake buƙata. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda zamansu a saiwa yake zaburar da shukar, ta riƙa mayar da martani da wuri har a ganyen sama. Jami'ar aikin gona ta Tamil Nadu a Indiya ta daɗe tana koya wa manoma cuɗa iri da garin Pseudomonas, giram 10 ga kowane kilo.

Masu shakka suna cewa abin da ya kashe naman gwari a ɗakin gwaji yakan gaza a gona, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sau da yawa dalilin shi ne abu mai rai ne ake sayarwa, zafin shago kuwa yana kashe shi tun kafin a buɗe leda. A nan Bacillus ta fi dacewa da yanayinmu, domin tana ƙunshe kanta ta jure zafi da bushewa. Nau'in da aka tsamo daga shinkafar gida ma zai fi na ƙetare saurin sabawa da ƙasarmu, kuma aiki ne da ya dace cibiyar bincike ta Badeggi da jami'o'inmu su riƙe da gaske.

Sai dai bakteriya ba za ta ceci gonar da aka cika wa takin yuriya ba, domin yawansa yana sa ganye laushi, cutar ta samu ƙofa. A raba takin kashi-kashi, a zaɓi iri mai juriya, a cuɗa shi da garin bakteriyar a inuwa, sannan a shuka a ranar.