Kakuri da Osaka: Garuruwan Masaƙa Biyu

A darasinmu na wannan mako za mu kwatanta unguwarmu Kakuri da birnin Osaka na ƙasar Japan.

Japan ƙasa ce ta tsibirai, teku ya kewaye ta ta ko'ina. Manyan tsibiranta huɗu ne, kuma Osaka tana kan mafi girmansu, wato Honshu, daidai inda kogin Yodo ya shiga teku. Saboda ruwan nan ne jiragen ruwa suka riƙa kawo mata shinkafa da auduga tun zamanin da. A 1882 aka kafa babban kamfanin kaɗa zare a birnin, daga nan masaƙu suka yi ta ƙaruwa har Osaka ta zama cibiyar tufafi ta Japan.

Mu ma kogi ne ya jawo mana masaƙu. Kakuri tana kudu da kogin Kaduna, masaƙa kuwa tana shan ruwa da yawa wajen wanki da rini. Ga tashar jirgin ƙasa a kusa, ga auduga daga Funtuwa da Gusau da Zariya. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar KTL. Bayanta UNTL ta zo, sai Arewa Textiles wadda aka kafa da haɗin gwiwar kamfanonin Japan. Dubban mutane daga sassan Nijeriya suka zo aiki, shi ya sa muke da ƙabilu iri-iri a azuzuwanmu.

Daga baya ƙarancin wutar lantarki da atamfar sumoga suka karya masaƙunmu. KTL ta rufe a 2002, iyaye da yawa suka rasa aiki. Osaka ma cinikin tufafinta ya ja baya, amma tana da wasu sana'o'in kamar haɗa magunguna da kayan lantarki. A can aka kafa Panasonic a 1918. A 1994 kuma suka buɗe filin jirgin sama na Kansai a kan tsibirin da suka gina da kansu cikin teku.

Abin lura shi ne, garin da ya dogara da sana'a ɗaya yana cikin haɗari. Kogi da layin dogo suna nan, ilimin ƙirƙirar sabon aiki ne ya rage a kanmu.

Aikin gida: kowa ya tambayi wani dattijo da ya yi aikin masaƙa, a wane sashe ya yi aiki kuma a wace shekara. A kawo wa ƙungiyarmu amsa ranar Litinin, za mu liƙa a wannan allo.