Yadda Ake Yin Alkafura da Tsohon Jirgin Tiger Moth

Wanda ya tsaya a ƙasa ya hangi ƙaramin jirgi ya miƙe sama, ya kifa ciki, ya zagayo ya dawo daidai, zai rantse ganganci ne. Ba haka abin yake ba. Alkafurar ba ta ɗaukar ko rabin minti, amma kafin a kai gare ta akwai aiki mai tsari wanda ba a tsallake ko mataki ɗaya a cikinsa. Babu jirgin da ke nuna wannan a fili kamar Tiger Moth.

Kamfanin de Havilland na Ingila ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1931, aka kuma yi sama da guda 8,000. A kansa dubban matuƙan Birtaniya da ƙawayenta suka koyi tuƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Fuka-fukansa hawa biyu ne, na katako da aka lulluɓe da yadi, kujerunsa biyu a buɗe ba rufi. Injinsa, Gipsy Major, mai ƙarfin doki 130 ne. Har yau masu sha'awarsa na ɗaukar fasinja a filaye irin na Duxford kusa da Kambirij, da wasu a Ostireliya da Niyu Zilan. Ga yadda ake yi.

Da farko matuƙi zai zagaye jirgin da ƙafa. Zai shafa yadin ko akwai yaga, ya taɓa wayoyin ƙarfen da suka ɗaure fuka-fukan ya ji ko sun saki, ya duba baƙin mai, sannan ya hau ya leƙa tankin fetur. Tankin yana can sama ne, a tsakiyar fiffiken bisa, man yana gangarowa inji da nauyinsa ba tare da famfo ba. A riƙe wannan, domin zai yi amfani can gaba.

Sai shirya fasinja. Za a ce ya zazzage aljihunsa kaf: waya, makulli, kuɗin ƙarfe. Kwabo ɗaya da ya faɗi lokacin da jirgi ke kife yana iya shiga ƙarƙashin sandar tuƙi ya maƙale ta. Za a ba shi rigar fata, hula da tabarau, saboda sanyi da iskar sama. Wajen hawa, ba a taka ko'ina sai baƙin layin da ke gindin fiffike, in ba haka ba ƙafa ta ɓurma yadin. Fasinja ne a gaba, matuƙi a baya, domin kujerar gaba tana daidai tsakiyar nauyin jirgin, ko da mutum ko babu ma'auninsa ba ya sauyawa sosai. A ƙarshe a ɗaure shi tamau, kafaɗu da ƙugu.

Tada injin aikin mutum biyu ne, don ba a yi masa sitata ba, kuma irin na Ingila ba shi da birki. Sai a sa wa tayoyin waigi, yadda yaran mota ke yi wa babbar mota a gangare. Wanda ke ƙasa zai cika kafireta da mai, ya tabbatar makunnan wuta a kashe suke, sannan ya juya farfela da hannu sau huɗu domin injin ya zuƙi mai. Duk abin da ya faɗa da ƙarfi, matuƙi sai ya maimaita: an buɗe mai, an saita totur, an kunna wuta. Daga nan ya kafa ƙafafunsa, ya ɗora yatsu a gefen farfelar, ya fizgo ta ƙasa yana ja da baya a lokaci guda. Ƙa'idar da ba a wasa da ita ita ce a ɗauki kowace farfela a matsayin mai rai, ko da an ce wuta a kashe take. Inji na kamawa, ido ya koma kan agogon baƙin mai; idan allurar ba ta ɗaga ba nan take, a kashe. Idan ta ɗaga, a bar shi ya ɗumama na wasu mintoci kafin a cire waigi.

A ƙasa hancin jirgin yana ɗage ne, yana tare wa matuƙi gani, shi ya sa yake tafiya a karkace, dama da hagu, yana leƙe ta gefe. Zai fuskanci iska a kan ciyawa, ya tura totur gaba ɗaya. Wutsiya ce ke fara ɗagawa, jim kaɗan tayoyi su rabu da ƙasa. Hawan a hankali ne, ba gaggawa, har a kai tsayin da za a gama wasan ana sama da ƙafa 3,000.

Kafin a juya, akwai bincike shida da matuƙi ke bi a jere. Tsayi ya isa? An kulle ƙananan fuka-fukan da ke gaban fiffiken sama, waɗanda ke buɗe kansu idan gudu ya ragu? Ɗauri ya yi, babu abin da ke yawo? Inji lafiya? Ba a saman gari ko taron jama'a ake ba? Sannan ya kewaya da jirgin ya duba sama da ƙasa ko akwai wani. Sai ya tambayi fasinja ko ya shirya. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare.

Ga alkafurar kanta. Gudun tafiyar Tiger Moth bai kai abin da ake bukata ba, don haka sai a sunkuyar da hanci a tara gudu zuwa wajen kilomita 185 a awa, ana sassauta totur kada inji ya wuce kima. Matuƙi zai zaɓi miƙaƙƙen abu a ƙasa, titi ko layin dogo, ya daidaita da shi. Sai ya jawo sanda zuwa cikinsa, a natse amma da ƙarfi. Nan fasinja zai ji nauyinsa ya ninka kusan sau uku, kumatu su zubo, hannu ya ƙi ɗaguwa. Hanci na hawa, a buɗe totur duka. Ƙasa ta ɓace daga gaba, don haka matuƙi yana kallon bakin fuka-fukan ne ya tabbatar ba su karkace ba.

A ƙololuwa jirgi yana kife, gudu ya ragu ƙwarai, hayaniya ta lafa. Nan gwaninta take. Idan aka ja da yawa, fiffike ya rasa riƙon iska. Idan aka saki da yawa, mutum ya rataya a jikin ɗauri, man da ke gangarowa da nauyinsa ya yanke, inji ya yi tari. Matuƙi yana sassauta jan ne kaɗan, ya ɗaga kai baya yana neman ƙasa ta ɓullo. Tana ɓullowa sai ya rage totur, ya bi gangaren, nauyi ya sake dawowa, ya fito a kan layin da ya zaɓa. Idan da'irar ta cika daidai, za a ji ɗan girgiza: jirgin ya ratsa iskar da shi da kansa ya bari a baya.

Sauka ma da tata dabarar. Idan tsayi ya yi yawa, sai a zamo da jirgin ta gefe don a rage shi, sannan a ajiye tayoyi biyu da wutsiya lokaci guda. Ƙarfen da ke ƙarƙashin wutsiyar, yana jan ciyawa, shi ke tsayar da shi.

Mutumin da ya fara yin wannan juyi, sojan Rasha Pyotr Nesterov, ya yi shi ne a Kiyef a 1913, kuma tsare shi aka yi na kwanaki bisa zargin wasa da dukiyar gwamnati, kafin daga baya a karrama shi. Abin da ya mayar da wannan kasada ta zama ilimin da ake koyarwa shi ne bin ƙa'ida. Saboda haka, mai karatu, idan Allah ya kai ka inda ake wannan hawa, kada ka je da yunwa, kada kuma ka cika ciki. Ka faɗa wa matuƙi gaskiyar lafiyarka, ka yi magana da zarar ka ji jiri. Kuma ka lura da yadda yake binciken jirginsa tun a ƙasa. Wanda ka ga yana gaggawa a nan, kada ka yarda ya kifa da kai a sama.